Kafin Hunturu Ya Kankama: Ɗakinka, Motarka Da Babur Ɗinka

Shekarar da nake ajin farko na ND, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka kama ɗaki a wata unguwa da ke bayan makaranta. Ginin bulo ne, rufin kwano, silin ɗin ya ɓule ta kusurwa ɗaya. Cikin watan Janairu aka yi wani muku-mukun sanyi na kwana uku, irin wanda ko wanka sai mutum ya yi shawara da zuciyarsa. A dare na biyu muka ari kaskon mai shayin bakin layi bayan ya tashi, da sauran garwashi a ciki, muka ƙara gawayi muka shigo da shi tsakar ɗaki. Taga muka toshe da tsumma, ƙasan ƙofa muka cusa wani tsohon wando. Ɗaki ya ɗau ɗumi, muka ɗan taɓa karatu, barci ya kwashe mu.

Da asuba maƙwabcinmu ya zo karɓar bokitinsa. Ya ce ya fi minti biyar yana dukan ƙofa. Ni na fara farkawa, kaina kamar ana sara shi da gatari, ƙafafuna sun ƙi ɗauka ta, da rarrafe na kai ga sakata. Ɗayanmu yana fitowa ya hau amai. Wanda ya kwanta dab da kaskon kuwa ciccibar sa aka yi zuwa asibiti. Mu a tunaninmu zazzaɓin cizon sauro ne ya kama mu huɗu a dare ɗaya, ka ji wauta. Likita ne ya tambaye mu da me muka kwana a ɗakin.

Yanzu ina HND a sashen injiniyan kanikanci, na kuma yi shekara guda ta sanin makamar aiki a gareji, shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani game da shirin sanyi. Idan ka duba intanet za ka ga shawarwari birjik, amma na mutanen Kanada da Rasha ne: tayar ƙanƙara, bututun ruwa da ke daskarewa ya fashe, gishirin da ake watsawa a titi. Ruwa sai ya sauka zuwa digiri 0 yake daskarewa. Mu kuwa a Kano, Zariya ko Katsina, daren Disamba da Janairu yakan tsaya ne wajajen digiri 10 zuwa 14, Jos ce takan yi ƙasa da haka. Sanyinmu ba ya daskarar da komai. Abin da ke yi mana ɓarna shi ne ƙura, da bushewar iska, da kuma dabarun da mu kanmu muke ƙirƙira don jin ɗumi.

Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta ratso Sahara, daga ƙarshen Nuwamba har zuwa cikin Maris. Kaso mai yawa na ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, wurin da a zamanin da yake ƙarƙashin ruwan babban tafki, ya bushe ya bar gari mai laushi kamar hoda. Iskar ba ta da laima, danshinta yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, shi ya sa wanki ke bushewa cikin awa guda, leɓe ya tsage, ƙofar katako ta motse ta bar kafa. Da dare kuma, da yake babu gajimare da laimar da za su riƙe zafin da ƙasa ta sha da rana, sai ya tsere sama, gari ya waye da ɗari.

Bari in koma kan kaskon nan, don shi ne mai kisa. Gawayi idan yana ci yana fitar da wata iska da ake kira kabon monokzaid, kuma yawanta na ƙaruwa idan iskar ɗaki ta yi ƙaranci. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta tashe ka. Idan ka shaƙe ta, tana manne wa sinadarin jinin da ke ɗaukar oksijin, kuma riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi sama da sau 200. Jini yana zagayawa, amma babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wato abubuwan da kowa zai ce zazzaɓi ne. Mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya, barcin ne kawai ke ƙara nauyi.

Akwai wata magana da ta zaga ko'ina, wai idan gawayi ya ruru ya yi ja ya daina hayaƙi to babu matsala a shiga da shi. Wallahi da wannan maganar muka yaudari kanmu. Hayaƙi daban, wannan iska daban, garwashi ja marar hayaƙi yana fitar da ita sosai. Wani zai ce ai kakanninmu da wuta suke kwana a ɗaki. Gaskiya ne, kakata ma tana yi. Sai dai ɗakinta na jinka ne, iska na shiga tana fita ta ciyawar rufi da bakin ƙofa. Ɗakin siminti mai ƙofar ƙarfe da tagar gilashi, an kuma bi kowace kafa an toshe, wannan tulu ne aka rufe wa baki.

Janareta ma haka yake, har ya fi. Kada a tayar da shi a baranda mai rufi, ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko gindin taga, wai don tsoron ɓarayi. Risho da tukunyar gas na girki ne, ba a barin su a kunne don ɗumama ɗaki. Idan kuka tashi ku biyu ko uku da ciwon kai lokaci ɗaya a ɗaki ɗaya, ku fita waje tukuna sannan ku yi tunanin dalili. Idan an samu wanda ya kasa tashi, a buɗe ƙofa da taga, a fito da shi, a nufi asibiti a gaya musu abin da ya shaƙa, don oksijin yake bukata. A bar batun ɗura masa madara ko manja, wanda ba ya cikin hayyacinsa zai iya shaƙe su su wuce huhu.

Na biyu a haɗari a ɗakunan ɗalibai ita ce hitar ruwa, wannan mai nannaɗaɗɗen ƙarfe da muke jefawa a bokiti. Yawancinsu wat 1000 ne zuwa 1500. Soket ɗin bango mai amfiya 13, a wutarmu ta bolt 230, iyakar abin da zai ɗauka wajen wat 3000 ne. Ɗan lissafi kaɗan: hita biyu da dutsen guga sun riga sun zarce. Wannan fa idan wayar kirki ce. Doguwar wayar jonawa ta araha da muke saya a bakin get, sililin da ke cikinta bai kai ya ɗauki hita ɗaya na tsawon lokaci ba. Taɓa wayar bayan minti goma, idan ta yi zafi ko kan fulogin ya fara baƙi, ta gama gaya maka.

Yadda gobarar ke tashi kusan iri ɗaya ne kullum. Ka jona hita ƙarfe bakwai na safe, aka ɗauke wuta, ka yi tsaki ka watsa ruwan sanyi ka ruga lakca. Ƙarfe goma aka dawo da wuta. Ruwa ya tafasa ya ƙone, bokitin roba ya narke, ga katifar soso a gefe, ga labule, ga takardu, kuma duk iskar hunturu ta busar da su ƙayau. Don haka da zarar an ɗauke wuta, a zare hita daga soket nan take, ba a kashe makunni kawai ba. Kuma kada a tsoma hannu a ji ko ruwa ya yi zafi alhali tana jone. Kyandir, maganin sauro na kunnawa, da jarkar fetur a ƙarƙashin gado, duk layi ɗaya suke. Wutar lantarki da ta fetur ba a kashe su da ruwa: a kashe babban makunnin gida, a yi amfani da yashi ko tukunyar kashe gobara. Bokitin yashi ɗaya a bakin ƙofa ba ya cin ko sisi. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ka nemi lambar ofishin 'yan kwana-kwana mafi kusa da kai ka ajiye a waya.

To da me za a ji ɗumi? Sanyin ɗaki ta ƙasa da sama ya fi shiga. Siminti na zuƙe zafin jiki ta cikin siririyar katifa, saboda haka a shimfiɗa kwali ko tabarma biyu a ƙarƙashinta, za ka sha mamakin bambancin. A liƙe ɓular silin, don iska mai ɗumi sama take tashi ta gudu ta nan. Tagar da ke fuskantar arewa ko gabas a rufe ta da labule mai kauri, a bar 'yar kafa a ɗaya ɓangaren, musamman idan kuna da yawa a ɗakin, don cunkoso cikin rufaffen ɗaki shi ke yaɗa mura, kuma rani ne lokacin sanƙarau. Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar riga ɗaya riƙe zafi, saboda iskar da ke tsakaninsu. Safa da hula kuma ba ƙauyanci ba ne. Ruwan wanka a zuba a baƙar jarka a bar ta a rana, da la'asar za ka same shi da ɗumi. Kafin shara a yayyafa ruwa, a goge kaya da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗewa, masu asma kuma su riƙa yawo da abin shaƙarsu. Idan gidanku na da sola, a wanke farantan da sassafe kafin gilashin ya yi zafi, don ƙurar mako guda ta isa ta rage cajin.

Sai mota. Na san yawancinmu ko taya ba mu mallaka ba, amma wani na jan ta gida, wani kamar ni yana kabu-kabu da Golf 3 ta kawunsa ranakun Asabar da Lahadi, kowa kuma yana shiga ta haya idan an yi hutu.

A garejin da na yi aiki, safiyar hunturu kiran farko kullum ɗaya ne: mota ta ƙi tashi. Mutane su ce sanyi ya kashe batir. A zahiri zafin Maris zuwa Mayu ne ke tsufar da batir, sanyi tona asiri kawai yake yi. Da sanyi aikin sinadaran cikinsa na yin sanyin jiki, baƙin mai kuma ya yi kauri, wato inji na neman ƙarin ƙarfi daidai lokacin da batir ya rage bayarwa. Ka roƙi abokinka na sashen lantarki ya zo da mitarsa. Da safe kafin a tayar da mota, lafiyayyen batir zai nuna wajen bolt 12.6, idan 12.2 ne to rabin caji ke gare shi, ƙasa da 12 kuwa ka fara tanadin kuɗi. Idan inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.7 da 14.7, in ba haka ba matsalar ta caji ce, sai a ga mai rewaya. Farin garin da ke taruwa a kan batir a wanke shi da ruwan zafi da buroshi, a ɗaure kawunan tamau. Kuma kada ka riƙe makulli tana gurnani fiye da daƙiƙa goma, ka saki ka ɗan jira.

Abin da muka fi yin gardama a kai da maigidana shi ne tamostat. Wani ɗan bawul ne da ke tsakanin inji da lagireto. Idan inji na da sanyi yana rufe hanya, ruwa ya riƙa zagayawa cikin injin kaɗai har ya yi zafi da wuri, idan ya kai digiri tamanin da wani abu sai ya buɗe ruwa ya tafi lagireto ya huce. Aikinsa ya riƙe inji a wajajen digiri 90, inda aka ƙera shi ya yi aiki. Amma da 'yar Beljiyam ta sauka, abu na farko da ake yi mata shi ne a cire shi a jefar, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna mota. Wai na ƙasar sanyi ne.

Na ce masa, "Maigida, ai a Saudiyya ma da shi motoci ke yawo, kuma sun fi mu zafi." Ya ce, "Yaro, kai takarda ka sani, ni inji nawa na ga ya ƙone?" Kuma yana da hujja, don idan tamostat ya lalace ya maƙale a rufe, inji zai tafasa. Sai dai yawancin motocin da na ga suna zafi, lagireto ne ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta mutu, cire tamostat ɓoye ciwon kawai yake yi. Ga abin da ke biyo baya a safiyar hunturu: inji ya daɗe bai yi zafi ba, ƙwaƙwalwar mota tana ganin sanyi tana ta ƙara fetur, ragowar fetur ɗin na wanke baƙin mai daga bangon silinda yana gangarawa ya tsinka shi. Kana ƙona mai a banza, inji na cinyewa, hitar cikin mota kuma ba ta kawo ɗumi. Da na lallaɓi kawu muka mayar da sabo a Golf ɗin, allurar zafi ta riƙa hawa tsakiya cikin 'yan mintuna ta tsaya cak, kuma na ga sauƙi a gidan mai. Ni dai ra'ayina a mayar da shi, a gyara ainihin abin da ke kawo zafin.

Ruwan lagireto mai kala, idan an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai wajen digiri 37 ƙasa da sifiri. Wannan bai dame mu ba. Amfaninsa gare mu shi ne yana hana tsatsa kuma ba ya saurin tafasa. Ruwan rijiya kuwa irin farin dattin da yake bari a gindin butar shayi, shi yake bari a siraran bututun lagireto. Kada a buɗe murfi inji na da zafi, kuma a ɓoye galan ɗin daga yara, don yana da zaƙi kuma guba ne.

Baƙin mai ma akwai abin lura. Lambar da ke jikin galan, kamar 20W-50 ko 5W-30, wadda ke gaban W tana nuna yadda man ke gudana da sanyi, ƙarama ta fi saurin isa sassan inji da safe. Tsohon inji da ya sha aiki 20W-50 na yi masa, amma motocin baya-bayan nan da yawa an rubuta musu mai tsinkakke, ka duba littafin motar ko murfin wurin zuba mai kafin a yi juye. Batun ɗumama inji kuma, mota mai injekta minti ɗaya ya ishe ta, sai ka ja a hankali. Wannan taka totur da ake yi da asuba har unguwa ta tashi, lokacin mai bai gama hawa sama ba, ƙarfe ne ke gugar ƙarfe. Kuma kada a bar ta tana aiki a rufaffen gareji, hayaƙin salansa irin iskar kaskon nan ce.

Matatar iska, wadda bakanikai ke kira iyakilina, ita ce ke shan wahalar hunturu. Ƙura idan ta wuce ta haɗu da mai, tana zama kamar man da muke wasa bawul da shi a wokshop, ta yi ta cin ringi da silinda a hankali. A buɗe a duba duk mako biyu. Ɗaga ta ka kalli rana, idan haske ba ya ratsawa ta gama aiki. Ta takarda ba a wanke ta, a ɗan bubbuga ko a sake sabuwa. Na taɓa ganin direban da ya huda tasa da sukundireba wai mota ta sha iska. Ta kuwa sha, bayan 'yan watanni ya dawo tana hayaƙi.

Iskar taya na raguwa kamar fam ɗaya duk lokacin da sanyi ya sauka da digiri 5 ko 6, don haka a auna da safe kafin tafiya, a bi lambar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, ba ƙwanƙwasawar mai faci ba. A gefen taya akwai lambobi huɗu, misali 2319, ma'ana mako na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Gilashi kuma kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, yashi ne kake gurzawa, ƙarshenta fitilar kowace mota ta riƙa watsuwa a idonka da dare. A cika tankin ruwan waifa, a wanke fitilu gaba da baya.

Ranar da hazo ya sauka sosai, har jirage sukan kasa sauka a Kano, kuma hukumar NiMet takan fitar da gargaɗi. Idan kana tuƙi a irin wannan rana, kunna ƙaramar fitila ko da rana tsaka ce, don a gan ka. Babbar fitila ƙurar take haskawa ta dawo maka da hasken. Rage gudu yadda za ka iya tsayawa cikin iyakar abin da idonka ke gani, ka ba na gabanka tazara, ka haƙura da wuce mota. A hanyar Kaduna zuwa Zariya na taɓa tashi da asuba don in riga kowa lodi, sai ga tirela ta lalace a kan titi, babu fitila, ganye kawai aka zuba a bayanta, ban gan ta ba sai da ya rage kamar tsawon mota uku. Tun daga ranar ba na fita sai gari ya waye. Ga shanu masu tsallaka titi, ga hayaƙin ƙunar daji. Idan dole ka tsaya, sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, kunna fitilun gargaɗi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku nesa da bayan motar. Lambar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa 122 ce. Idan kuma fasinja ne kai, kana da bakin da za ka ce, "Direba, don Allah a sassauta."

Masu babur, ku ne kuka fi yawa a cikinmu. Da safe ja cok, yi kik biyu ko uku kafin ka kunna makulli, idan ya tashi ka ba shi minti ɗaya ko biyu sannan ka mayar da cok ɗin, kada ka manta da shi a ja. Sarƙa a wanke ta da kananzir a sa mai kaɗan, don mai da yawa ƙura yake kamawa. Matatar iska ta soso ana wanke ta, a bari ta bushe, a ɗan shafa mata mai a mayar. Sa hular kwano mai gilashi da safar hannu, yatsun da sanyi ya sandarar ba sa kama birki da sauri.

Wannan ɗan tartsatsin da ke jan ka idan ka taɓa ƙofar mota kuwa, ba matsalar waya ba ce, kada mai rewaya ya ci kuɗinka. Gugar tufafi da kujera ce ke tara caji a jikinka, busasshiyar iska kuma ba ta barin ya zurare. Inda yake da haɗari shi ne gidan mai: kashe inji, taɓa ƙarfen mota kafin ka kusanci bakin tanki, jarka kuma a sauke ta ƙasa kafin a zuba mata fetur.

Mu huɗun nan har yanzu muna tare, sai dai mun canja ɗaki. Kaskon mai shayi ma muna aro, amma a tsakar gida muke zagaye shi mu yi hira da karatu, idan za mu shiga barci wanda ya zo ƙarshe shi ke kwara masa ruwa.